Cizon Tsohon Kifi da Nauyin Baba

Asabar, 4 ga Mayu, 11:00 na safe

Malamarmu ta Bayoloji ta ce littafin bincike ba wurin surutu ba ne, lambobi kawai ake zubawa a cikinsa. Shi ya sa na buɗe wannan, don surutun ya samu wurin zama.

Ni ta zaɓa in wakilci makarantarmu a gasar kimiyya da za a yi ranar 22 ga Yuni. Da ta kira sunana ji na yi kamar in shige ƙarƙashin benci, ni da ko gaisuwa sai an ce in maimaita. Batun da na ɗauka shi ne ƙarfin cizon kifayen zamanin da, idan aka gwada shi da girman jikinsu. Lissafin ba wuya: a raba ƙarfin cizo da nauyin jiki. Akwai wani ƙaton kifin teku, shak, da ya shuɗe, ya fi motar bas tsawo, amma idan aka yi masa wannan rabawar, cizonsa ko rabin nauyinsa bai kai ba. Shi kuwa ɗan kifin da ake kira firana, da za a iya ɗauka da hannu ɗaya, an auna cizonsa ya kai wajen ninki talatin na nauyinsa. Yana da wani kaka da ya rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, mai nauyin kilo goma ko makamancin haka. Abin da aka tono nasa guntun muƙamuƙi ne kawai da haƙora uku, daga nan masana suka ƙiyasta sauran. Bakinsa nake so in gina.

Baba ya gwada faɗin sunansa na boko sau biyu ya haƙura, ya ce, "Mu dai mu kira shi Tsoho."

Sana'ar Baba haɗa haƙoran roba. Likitocin haƙori na aiko masa da awon bakin mutane, shi kuma ya haɗa a ɗakin aikinsa da ke jikin gidanmu. Ya ce shekara ashirin yana yi wa tsofaffi haƙora, ƙarin tsoho ɗaya ba zai gagare shi ba. Guda ashirin da shida za mu yi, sama da ƙasa, kowace Asabar kaɗan-kaɗan.

Ya kuma ƙera mini abin awon cizo, don in gwada kifayen da mutane. Kamar awartaki yake, an naɗe bakinsa da roba mai kauri, idan aka ciza sai gindinsa ya ja ƙaramin sikeli. Yau muka fara:

Ni: nauyi 46, cizo 36. Sakamako 0.78.
Baba: nauyi 70, cizo 56. Sakamako 0.80.
Auta: nauyi 22, cizo 20. Sakamako 0.91.

Auta, ƙanwata mai shekara bakwai da giɓi a gaba, ita ta cinye mu. Baba ya ce, "Ai na daɗe da sanin a gidan nan akwai firana." Ya tambaye ni nawa ne na shak ɗin, na faɗa masa. Ya leƙa kicin ya ce da Mama, "Kin ji ko? Na fi shak. A riƙa ba ni girmana."

Mama ta ce shak ai yana cinye abincinsa, ba ya barin rabin faranti. Ita kam ta ƙi hawa sikeli, wai nauyinta tsakaninta da Mahaliccinta ne.

Talata, 7 ga Mayu, 4:30 na yamma

Malama ta duba littafin bincike. Ta ce awo ɗaya ba kimiyya ba ne, in maimaita kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, da mutum uku aƙalla. Ta kuma ba ni doka: da biro ake rubutu, ba a goge lamba. Idan na yi kuskure in ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, in rubuta daidai a gefe, in faɗi dalili. Na rubuta dokar a bangon littafin.

Asabar, 11 ga Mayu, 1:00 na rana

Mun yi haƙora shida. Ana sassaƙa haƙorin da kaki, a binne shi cikin filasta, wani farin ƙulli mai daskarewa kamar siminti, a wani kwanon tagulla mai murfi, a dafa kakin ya narke ya bar gurbinsa, a cusa roba a gurbin, a sake dafawa. Kwanonin nauyi gare su, da hannu biyu nake ɗaukar manyan. Nawa haƙorin na farko ya fito kamar ƙwayar wake. Baba ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Farfesa, wannan Tsohon naki ayaba kawai zai iya ci."

Farfesa yake ce mini tun ina firamare.

A zaune ya yi aikin yau. Da a tsaye yake yi, yana cewa zama na masu ofis ne.

Baba: nauyi 68, cizo 56. Sakamako 0.82. Ya ƙaru.

Laraba, 15 ga Mayu, 5:00 na yamma

Gwaggo, yayar Baba, ta zo. Ta ce kwana biyu za ta yi, amma jakar da ta zo da ita ba ta kwana biyu ba ce. Baba da Mama sun fita tun safe, sun dawo da wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Mama ta taka kujera ta ɗora ta can saman wadrob.

Asabar, 18 ga Mayu, 3:00 na yamma

Haƙora goma sha biyu.

Baba: nauyi 65, cizo 55. Sakamako 0.85.

Na zana layinsa a takardar jadawali, ga shi yana hawa sama gwanin sha'awa. Da muka zauna cin abincin rana na kasa haƙuri, na ɗaga takardar na ce, "Ku duba, Baba ƙara ƙarfi yake yi. In ya ci gaba a haka, kafin gasa zai kamo Auta."

Gwaggo ta ajiye cokali ta tashi, wai ta bar ruwa a wuta. Mama ta kafa wa farantinta ido. Baba ne kawai ya yi dariya, ya karɓi takardar ya duba da kyau, ya ce, "Ai sirrin firana na gano. Ƙanƙancewa ake yi."

Auta ta ce ba zai kamo ta ba ko zai shekara yana ciza.

Ban san laifin abin da na faɗa ba. Na sake yin lissafin sau uku, daidai yake.

Litinin, 20 ga Mayu, 2:30 na rana

Bayan an tashi na kai wa Malama jadawalin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce in zauna, ta jawo kujerarta kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Idan aka raba lamba da lamba, ta hanya nawa amsa ke ƙaruwa?"

Na ce biyu. Ko ta sama ta ƙaru, ko ta ƙasa ta ragu.

"To a nan wacce ce ta motsa?"

Na duba. Saba'in. Sittin da takwas. Sittin da biyar. Da hannuna na rubuta su, da birona, kuma ban gan su ba. Amsar kawai nake kallo.

Ta ce, "Mutum na biyun nan, wane ne?"

Na ce mahaifina ne.

"Yana lafiya dai?"

Na ce lafiya lau. Ta ce in maimaita, ba ta ji ba. Na maimaita.

Litinin, 6:00 na yamma

A gaban kowa na ɗaga takardar ranar Asabar. A gabansa.

Laraba, 22 ga Mayu, 5:30 na yamma

Na tambayi Mama tana yanka albasa. Ta ce, "Ke dai ki sa karatunki a gaba." Na tambayi Gwaggo, ta ce yaran yanzu sun cika bin diddigi. Na taka kujera, hannuna ya taɓa ambulan, sai na sauko. Ba na so in karanta abin da ba zan iya gogewa ba.

Na sami Baba a ɗakin aiki yana goge haƙoran wani. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baba, ka rage kilo biyar."

Bai kashe injin ba. Ya ce, "Ciki ne ke ɗan yi mini gardama, ana magani." Sai ya ɗago ya dube ni, ya kashe injin. "Wa ya taɓa mini Farfesa? Ki bari Asabar ta zo ki gani. Zan ci abinci har Mamanku ta yi ƙara ta."

Asabar, 25 ga Mayu, 10:30 na safe

Sittin da shida.

Na sa ya sauka ya sake hawa, allura ta koma wurin. Ya ƙaru da kilo ɗaya. Ya fito awo da farar rigar aikinsa a jiki, wai sanyi yake ji. Cizo 51, ya ɗan sauka, amma ya ce dasashinsa ne ke ciwo.

Na nemi manyan kwanonin tagulla biyu kafin awo don in jiƙa filasta, ban gan su ba. Daga baya sai ga su a kan kanta. Idona ne, ina ga.

Haƙora goma sha bakwai. Biyu ni na sassaƙa daga farko har ƙarshe. Na ci abinci faranti biyu, Gwaggo ta ce ko ni ma gasar nauyi na shiga.

Alhamis, 30 ga Mayu, 4:45 na yamma

Ɗan aiken wani likita ya kawo sabon awo, Baba ya ce a mayar, a kai wa wani. Ban taɓa ganin ya mayar da aiki ba.

A kantar sama akwai bakunan filasta jere, na mutanen da ba su dawo karɓar haƙoransu ba. Na ce me ya sa ba ya zubarwa. Ya ce, "Bakin mutum ne, Farfesa. Ba a jefa shi a shara." Yana gane kowa ba tare da duba takarda ba. Wannan mai shan taba ne, wannan da gefe ɗaya take tauna, wannan yana cizon haƙora cikin barci saboda damuwa.

Sai ya ce ya kamata a ajiye bakin mutum kusa da na Tsoho a wurin gasa, don a ga bambanci. Ya sa na ɗauki awon nasa. Na cika abin ɗaukar awon da yawa har ya kusa shaƙewa, yana dariya baki cike. Ya fito da kyau. Har ɗan ɓallin haƙorinsa na gaba ya fito, wanda ya samu wajen buɗe kwalba tun yana saurayi.

Ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashi da fensir, kamar yadda yake yi wa na kan kanta.

Asabar, 1 ga Yuni, 10:00 na safe

Nauyi 66, cizo 44. Da rigar aiki kuma. A hankali ya tako zuwa sikeli, hannuwansa dafe da aljihu. Haƙora ashirin da ɗaya. Ya kwanta kafin mu gama gogewa.

Sittin da shida ai ba raguwa ba ce. Na faɗa wa kaina haka.

Lahadi, 2 ga Yuni, 9:30 na safe

Na shiga share ɗakin aiki. Rigar na rataye a bayan ƙofa, na ga kafaɗarta ta ja ƙasa, ƙusar ta lanƙwashe. Na taɓa ta kawai, sai ta faɗo a kan ƙafata. Har yanzu babban yatsana a kumbure yake.

A aljihun dama kwanon tagulla. A na hagu ma haka. A na ƙirji ƙaramar guduma da bakunan filasta biyu.

Na kai rigar kan sikeli yadda take. Kilo huɗu.

Ba wannan ne ya zaunar da ni a ƙasa ba. Aljihunan ne. An bi bakinsu da ɗinki ninki biyu, da baƙin zare a kan farin yadi, ƙanana-ƙanana a jere. Ɗinkin Mama ne. Irinsa ne a jakar makarantata.

Wato su biyu suka zauna, ɗaya na riƙe da riga, ɗaya na ɗinki, saboda ni.

Na mayar da komai aljihunsa. Na miƙe ƙusar da dutse, na rataye rigar yadda na same ta. Mama ta ga ina ɗingishi ta tambaya, na ce tuntuɓe na yi.

Talata, 4 ga Yuni, 3:00 na yamma

Akwai lambobi biyu a littafin bincikena da na san ba daidai ba ne. Doka ta ce in ja layi. Idan na ja, Baba zai gani, kullum sai ya duba littafin. Idan ban ja ba, ƙarya zan tsaya a kai a gaban alƙalai.

Malama ta tambayi jikinsa. Na ce lafiya lau.

Alhamis, 6 ga Yuni, 5:00 na yamma

Shayi rabin kofi. Ayaba, gutsure biyu. Ba na so in riƙa ƙirgawa, amma idona ya koya.

Asabar, 8 ga Yuni, 12:00 na rana

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, ba ƙari.

Ƙarfe tara na kawo sikeli falo, don kada ya yi tafiya mai nisa. Tun kafin nan na ji motsinsa a ɗakin aiki, na ji ƙarar sikelin ma, ashe ya riga ni gwadawa. Ya fito da rigar, Mama na riƙe da gwiwar hannunsa. Aljihunan sun cika har sun buɗe baki. Ya hau. Ba ya iya sunkuyawa ya ga allura, ni ce mai karantawa.

Allura ta tsaya a sittin da uku.

Na ce, "Sittin da shida."

Na buɗe biro. Na ɗaga kai. Kallona yake yi.

"Farfesa," ya ce, "yaushe kika fara?"

Na ce me.

"Ni na hau sikelin nan ɗazu. Duk abin da ke ɗakin na zuba a aljihu, bai kai sittin da shida ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ni tsohon maƙaryaci ne, an saba. Ke kuwa sabuwar shiga ce, kunnuwanki ma sun tona ki. Yaya ƙafar?"

Mama ta juya mana baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ya ce, "Zo ki cire mini rigar nan. Wallahi ta ishe ni."

Na zare masa ita. Sai da na sa hannu biyu. Kafaɗunsa kamar maratayin kaya. Ya gyara tsayuwa a kan sikelin ya ce, "Rubuta abin da kika gani. Malamarki ta fi ni gaskiya."

Hamsin da tara. Na rubuta.

Ya ce a kawo abin cizo. Na ce a bari, ya ce ba a barin awo rabi. Ya ciza har jijiyar wuyansa ta tashi. Talatin. Na raba a gabansa, 0.51.

"Har yanzu na fi shak?"

Na ce har yanzu.

"To me ake wa kuka?"

Haƙora biyu kawai muka yi, yana kwance a doguwar kujera yana ba ni umarni. Saura uku.

Litinin, 10 ga Yuni, 4:00 na yamma

Na dawo makaranta na tarar da gadonsa a gyare. Gwaggo ta ce an kwantar da shi a asibiti da hantsi. Ambulan ɗin ba ta saman wadrob.

Laraba, 12 ga Yuni, 6:30 na yamma

Jiya da shekaranjiya na yi haƙoran ukun ni kaɗai. Na farko ya fito da kumfa a ciki, na sake. Na ƙone yatsa a tukunya. Na dasa su duka, na naɗe Tsoho da tawul na sa a kwali, na bi Mama asibiti.

Ɗaki ne mai gado shida, nasa na jikin taga. Wata nas ta leƙa kwalin ta ja da baya, ta ce, "Wannan kuma mara lafiyar wane ɗaki ne?" Baba ya ce ɗan'uwansa ne, ya zo dubiya.

Muryarsa sai na kai kunne. Ya ce in ɗora masa a ƙirji. Ya rufe ido ya bi haƙoran da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi wa kowane aiki kafin ya bayar. Ya zo na ƙarshe a ƙasa ta hagu ya tsaya.

"Wannan ya karkace."

Na ce zan cire in sake.

"Bar shi. Duk bakin da kika ga ya jeru tsaf, na roba ne." Ya huta. "Ranar gasa ki ɗaga murya. Kifin nan shekara miliyan nawa yana jira a yi maganarsa, kada ki zo kina yi masa raɗa."

Na ce to.

"Ban ji ba."

Na ce to, da ƙarfi, har na gadon kusa ya juyo.

Alhamis, 13 ga Yuni

Da asuba Baba ya cika.

Juma'a, 14 ga Yuni, 5:00 na yamma

Mutane. Takalma a ƙofa har waje. Kowa na cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Malama ta zo. Ta ce ba dole in je gasar ba, za ta yi wa shugabar makaranta bayani.

Asabar, 15 ga Yuni, 10:00 na safe

Ƙarfe tara Auta ta jawo sikeli daga ƙarƙashin gado ta kawo ɗakinmu. Ta ce, "Yaya, yau ba awo?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi mata faɗa, Mama ta ɗaga mata hannu.

Na auna Auta. Na auna kaina, na rage kilo biyu. Sai layi na biyu, na tsaya da biro a kansa. Auta ta ce, "Malamarku ta ce sai mutum uku."

Mama ta tashi daga inda take zaune tun jiya. Ta cire takalmi ta hau sikelin. Ta ce, "Karanta a hankali, kada maƙwabta su ji." Ta karɓi abin cizon, ta juya shi a hannu, robar duk sawun haƙoransa ne. Ta daɗe tana kallo kafin ta sa a baki.

Na buɗe mata sabon layi, na huɗu. Na biyun na bar shi yadda yake.

Laraba, 19 ga Yuni, 4:00 na yamma

Na ce wa Malama zan je. Na nuna mata lambobin biyu, na ba ta labarin rigar. Ban san daidai abin da ke aljihun ranar 25 ga Mayu ba, don haka ba ni da lambar da zan rubuta a gefe. Ta cire gilashinta ta goge, ta ce, "Rubuta abin da kika sani kawai."

Na ja layi ɗaya a kan kowace sittin da shida, yadda za a iya karantawa. A ƙasan shafin na rubuta dalili: An auna shi da rigar aiki.

Asabar, 22 ga Yuni, 6:00 na yamma

Babban zaure ne, tebura a jere, kowa da abinsa. Na ajiye Tsoho a tsakiya, bakin Baba na filasta a gefensa, jadawali a baya. Yara suka yi ta sa yatsa a bakin Tsoho suna janyewa.

Alƙalai uku ne. Na yi bayanin shak, na yi na firana, na yi na guntun muƙamuƙin da haƙoransa uku. Na ce girman jiki daban, ƙarfin cizo daban, kuma wanda ya kalli amsa kawai bai kalli lambobin da suka haife ta ba zai iya yin murna a inda ba na murna ba. Wannan ba ya cikin abin da na haddace.

Wata dattijuwa a cikinsu ta ɗauki littafin bincike tana bin shafukan da yatsa. Ta tsaya a layi na biyu. Ta karanta abin da na rubuta a ƙasa.

"Rigar aiki? Wace irin riga ce za ta sa a soke awo?"

Na ce, "Mai kilo huɗu ce, ranki ya daɗe."

Ta dubi lambobin daga saba'in har hamsin da tara, ta dubi gurbin 15 ga Yuni da ba komai. Ta dubi bakin filastan.

"Wa ya yi miki haƙoran kifin?"

Na ce ashirin da uku ni da mahaifina, uku ni kaɗai, har da karkataccen.

Ba ta ce in maimaita ba. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce in maimaita.

Na huɗu na zo. Na ɗaya zuwa na uku ake ba kofi. Malama ta riƙe hannuna a mota har gida.

Da na dawo na wuce ɗakin aiki. Na ɗora Tsoho a kantar sama, na sa bakin Baba kusa da shi, a jerin waɗanda ba a zo karɓa ba. Na faɗa masa na huɗu muka zo, kuma na ɗaga murya.

Rigar na bayan ƙofa. Wani ya mayar da ita da kayanta a ciki tun waccan Asabar, ƙusar ta sake lanƙwashewa. Na sauke ta zan kwashe kwanonin in jera a kan kanta, sai na ji Mama a bakin ƙofa.

"Bar su a ciki."

Na ciro gudumar daga aljihun ƙirji, na kafa ƙusa biyu, na mayar da gudumar wurinta, na rataye.